RUSHUDI: SHARAƊIN MIƘA WA SAURAYI DUKIYA

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin dukiya da masu dukiya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako yana kan wata kalma ta Larabci wadda shari'a ta rataya babban hukunci a kanta, watau rushudi. Dalilin ɗauko ta kuwa shi ne abin da kowa yake gani a garuruwanmu. Mutum ya shekara talatin yana tara abin da zai bar wa iyali, ya rasu, a raba gado, kafin shekara biyu ta zagayo gida ya shiga hannun dillalai, gona ta zama ta wani, magada kuma sun koma neman na cefane. Wani kuma ba gado ya ci ba, albashi ne ya fara karɓa ko jari aka ba shi, amma kullum aljihunsa kamar gwagware, abin da ya shiga ba ya kwana. Jama'a kan ce ai rashin rabo ne. Lalle rabo na Allah ne, amma Allah da Ya ƙaddara rabo Shi ne kuma Ya saukar da hukunci a kan wanda ya cancanci a miƙa wa dukiya da wanda bai cancanta ba.

MA'ANAR KALMOMI

Asalin wannan hukunci yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6. A ta farkon Allah Ya hana a danƙa dukiya ga safihai. A ta biyun Ya yi umurni a riƙa jarraba marayu har su balaga, in an ga rushudi tare da su sa'an nan a miƙa musu abinsu, a kuma kafa shaidu a kan miƙawar. Malaman tafsiri sun ambata cewa aya ta biyun ta sauka ne game da wani yaro, Sabitu ɗan Rifa'atu, wanda ubansa ya rasu ya bar shi a hannun baffansa, baffan ya zo yana tambayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da ya halatta gare shi daga dukiyar yaron da kuma lokacin da zai miƙa masa.

A nan akwai kalmomi huɗu da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansu. Ta farko ita ce safihi. Asalin safaha a Larabci shi ne rashin nauyi, har Larabawa sukan kira tufa mai sakakkiyar saƙa da wannan suna. Saboda haka safihi shi ne wanda hankalinsa bai da nauyi a sha'anin kuɗi, iska kaɗan ta ishe ta kwashe shi. Yana iya zama mai digiri, yana iya zama mai furfura.

Ta biyu ita ce ƙiyam, wadda Allah Ya siffanta dukiya da ita, watau abin da rayuwa take tsayuwa a kansa, kamar yadda ɗaki yake tsayuwa a kan ginshiƙi. Wannan ya ishe mu raddi ga mai zaton raina dukiya da sakaci da ita shi ne tsoron Allah. Har ila yau, ko da yake dukiyar ta marayu ce, ayar ta jingina ta ga jama'ar da ake yi wa magana, domin a gane cewa idan dukiyar mutum ɗaya ta salwanta, al'umma ce ta yi hasara.

Ta uku wani ɗan harafi ne. Da Allah Ya yi umurni a ciyar da su, harafin da ya zo shi ne mai ma'anar "a cikin", alhali wanda aka saba ji a irin wannan wuri shi ne mai ma'anar "daga". Malamai suka fahimci cewa ana nufin a juya dukiyar, a ciyar da mai ita daga riba, a bar uwar kuɗi tana nan.

Ta huɗu ita ce kalmar da aka yi amfani da ita wajen ganin rushudi. Ita ce dai aka yi amfani da ita a labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sa'ad da ya hango wuta da dare a gefen dutse. Watau rushudi abu ne da ake gani da ido a cikin aikin yaro. Zato da son zuciyar uba ba su isa hujja ba.

ABIN DA MALAMAN FIƘIHU SUKA CE

Daga waɗannan ayoyi malamai suka fitar da sharuɗɗa biyu: balaga da rushudi. Ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba. A mazhabarmu ta Imamu Malik, rushudi shi ne mutum ya iya tsare dukiyarsa, ya kuma iya sarrafa ta yadda ya kamata. Imamu Shafi'i ya ƙara da cewa sai an ga gyaruwar addininsa. Imamu Abu Hanifa yana ganin idan mutum ya kai shekara 25 a miƙa masa abinsa ko da ba a ga rushudin ba, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusufa da Muhammadu ɗan Hasan, sun saɓa masa, suka bi ra'ayin mafi yawan malamai, cewa ana ci gaba da riƙe dukiyar safihi ko da ya tsufa. An ruwaito daga wasu magabata cewa mutum yakan tara gemu har ya kama shi da hannu alhali bai kai ga rushudi ba.

Wannan riƙewa ita ake kira hajaru a littattafan fiƙihu, kuma tana da babi nata a Muhtasar na Shehu Halilu, wanda malamanmu na zaure suke karantarwa. Ma'anarta alƙali ko waliyyi ya kange mutum daga saye da sayarwa da kyauta a cikin dukiyarsa, ana ciyar da shi ana tufatar da shi daga cikinta, har ranar da hankalinsa zai yi nauyi. Sahabbai sun san wannan hukunci. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Ja'afar ya taɓa sayen wani fili da kuɗi mai yawa, sai baffansa Sayyidina Aliyu ya nufi Halifa Usmanu domin a kange shi. Abdullahi ya garzaya wurin Zubairu ɗan Awwam, wanda aka sani da iya ciniki, Zubairu ya shiga tarayya da shi a cinikin. Da Halifa ya ji haka sai ya ƙi kange shi, domin ba a kiran ciniki wauta alhali irin Zubairu yana ciki. A lura, babu wanda ya yi musun hukuncin kangewa a cikinsu. Abin da ya kuɓutar da saurayin shi ne ya jingina da wanda ya fi shi sanin kasuwa.

YADDA AKE JARRABAWA

Umurnin jarrabawa yana hawa kan manya ne, kuma ana fara shi tun kafin balaga. Imamu Ƙurɗubi, wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan Hijira, ya kawo a tafsirinsa cewa ana iya danƙa wa yaro kuɗin cefanen gida na wata guda, ko a ba shi ɗan abu kaɗan ya juya, waliyyi yana lura da shi, ita kuma yarinya a danƙa mata abin da uwargida take gudanarwa. Hikimar a ba shi kaɗan ita ce in ya ɓatar hasarar ba ta da yawa, darasin kuwa ya zauna.

Manzon Allah da kansa ya yi irin wannan. Buhari ya ruwaito cewa ya ba Urwatu Albariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Urwatu ya sayi biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya komo da akuya da dinari. Manzon Allah ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa.

Iyayenmu 'yan kasuwa sun daɗe a kan wannan hanya ko da ba su kira ta da sunanta na Larabci ba. A Kasuwar Kurmi da Kantin Kwari a Kano, da sauran kasuwanninmu, yaron shago yakan fara da shara da ɗaukar kaya, sa'an nan a bar masa jiran shago, sa'an nan a aike shi karɓo bashi ko sarin kaya, sai bayan shekaru maigida ya sallame shi da jari. Kowane mataki jarrabawa ce. To, yau da yawa daga cikinmu mun bar wannan. Yaro ya tashi daga firamare har jami'a bai taɓa sanin kuɗin mudun shinkafar da yake ci ba, ba a taɓa tambayarsa lissafin abin da aka ba shi ba, ran nan kwatsam sai a miƙa masa takardun gida da makullin shago. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da bai jarraba ɗansa da naira dubu ba, don me zai yi mamaki in ya faɗi a kan miliyan?

Wannan hukunci ya haɗa da 'ya'ya mata. Suratun Nisa'i ɗin nan ita ce ta tabbatar wa mace sadakinta da rabonta na gado, kuma abin da ta mallaka nata ne, ba na uba ko miji ba. Nana Hadiza, Allah Ya yarda da ita, attajira ce mai aika fatake Sham da dukiyarta. Wanda za a ba mallaka kuwa tilas a koya masa riƙo.

ALAMOMIN RUSHUDI

Yanzu sai mu juyo gare ku, ya ku samari da 'yammata. Da me mutum zai auna kansa? Ga alamomi biyar.

Ta farko, sanin inda kuɗi yake fitowa. Tirmizi ya ruwaito cewa ranar alƙiyama za a tambayi bawa game da rayuwarsa da iliminsa da jikinsa, amma dukiya tambaya biyu gare ta: ta ina ya same ta, kuma a ina ya kashe ta. Mai rushudi, kafin ya sa kuɗinsa a wani abu, yakan tambaya: mene ne ake saye, mene ne ake sayarwa, ribar daga ina take zuwa? A 2016 wani shiri mai suna MMM, wanda wani ɗan Rasha, Sergei Mavrodi, ya ƙirƙiro, ya game Nijeriya da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a kowane wata. Da mutane sun ɗauki alƙalami, da sun ga cewa naira 100,000 a kan wannan lissafi, in ana mayar da riba cikin uwa, za ta haura naira miliyan 2 da dubu 300 a shekara guda. Wace gona ce ko wane shago yake haifar da haka? Babu. Kuɗin wanda ya shigo yau ake ba wanda ya shigo jiya, ranar da masu shigowa suka ragu sai ginin ya rushe. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane. Duk da haka, a watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka wa mutum kuɗinsa cikin 'yan makonni, ya rushe da dukiyar jama'a ta wannan hanya. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka nan cacar ƙwallo da ta shigo cikin wayar hannu. Sauya mata suna bai fitar da ita daga cacar da aka haramta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 ba, kuma kamfanin da ya shirya ta ya riga ya tsara lissafinsa yadda jimlar abin da yake karɓa za ta fi jimlar abin da yake biya.

Ta biyu, tsakaitawa wajen kashewa. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah Ya yabi bayinsa da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro, kuma kalmar da aka kira wannan tsakiya da ita tushenta ɗaya da ƙiyam da muka ambata a baya. Ba a sanin tsakiya sai da awo. Saboda haka saurayi ya samu ɗan littafi, ya rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita har wata guda, kome ƙanƙantarsa, da katin waya da shayin majalisa da kuɗin anko. Mafi yawan wanda ya gwada haka yakan tarar ƙananan abubuwan da bai ɗauke su a bakin kome ba su ne suke cinye shi. Ku dubi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi. Ya isa Madina a shekarar Hijira, watau 622, ba shi da kome. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya nemi a nuna masa kasuwa. Ya fara da cukwi da man shanu. Da ya tashi aure, sadakinsa zinari ne mai nauyin ƙwallon dabino, Manzon Allah kuma ya umurce shi da walima ko da da akuya guda. Wannan shi ne mutumin da daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Ya yi aure gwargwadon aljihunsa na ranar. Mu kuwa sai saurayi ya narkar da jarinsa a lefe da kwanakin biki, amarya ta tare a gidan da babu na cefanen mako.

Ta uku, tsoron bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take: a rubuta shi, a yanka masa lokaci, a kafa shaidu. An taɓa kawo wa Manzon Allah gawar wani mai bashi, ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ranta don magani ko don kayan sana'a da wanda ya ranta don sabuwar waya. A zamanin nan akwai manhajojin da suke ba da rance cikin 'yan mintoci, da kuɗin ruwa mai nauyi a kan kwanaki kaɗan. Wasunsu sukan kwashe lambobin da ke cikin wayar mai karɓa, in ya makara su aika wa danginsa da abokansa saƙon tozarci, har hukumar tarayya mai kare hakkin masu saye ta ɗauki mataki a kan wasu daga cikinsu a 2022. Wanda ya shiga nan ya haɗa zunubin kuɗin ruwa da zubar da mutunci. In da kwaɗayi, da wulaƙanci.

Ta huɗu, ajiya da juyawa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umaru ya yi umurni a riƙa kasuwanci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, kuma Nana A'isha takan ba da dukiyar marayun da ke hannunta ga masu juya ta. Darasin shi ne kuɗin da aka kwantar raguwa yake yi. A zamaninmu ma akwai abin da ya fi zakka saurin cin kwantaccen kuɗi, watau hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disamba na 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'ana, wanda ya ɓoye naira 100,000 a ƙarƙashin katifa shekara guda kafin nan, abin da za ta saya masa bai wuce kashi uku cikin huɗu na abin da za ta saya a da ba. Saboda haka mai rushudi yakan ware wani abu tun ranar da kuɗi ya shigo, kafin ya fara kashewa, ya raba shi biyu: na ko-ta-kwana wanda hannu zai iya kaiwa gare shi ranar ciwo ko gobara, da na juyawa. Hanyoyin halal kuwa suna da yawa: kiwon tumaki da awaki, adashi da mutanen da aka amince da su, sayen kayan sana'a, ko ba amintaccen ɗan kasuwa jari bisa ƙiradi, a raba riba yadda aka yi sharaɗi, a rubuce. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, waɗanda Jaiz ya zama na farkonsu a Nijeriya a 2012, da takardun sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Kowace aka zaɓa, sharaɗin farko yana nan: kada ka sa kuɗinka a abin da ba za ka iya bayyana wa mahaifiyarka yadda yake kawo riba ba.

Ta biyar, fitar da hakki. Wanda ya tsare dukiya ya hana ta masu hakki ya kuɓuta daga ɓarna ya faɗa rowa. Nisabin zakkar kuɗi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinari, ko dirhami 200 na azurfa. In dukiya ta kai haka ta kuma shekara, ana fitar da ɗaya bisa arba'in, watau naira 2,500 a cikin kowace naira 100,000. Saurayin da bai kai nisabi ba, akwai hakkin iyaye mabukata a kansa, da na ƙannensa da maƙwabcinsa gwargwadon hali. Wanda bai saba ba da goma daga cikin dubu ba, hannunsa ba zai buɗe ba ranar da ya mallaki miliyan. Labarin Ƙaruna a Suratul Ƙasas ya ishe mu wa'azi: ya iya tarawa, amma ya jingina abin ga iliminsa, ya manta Mai bayarwa, ƙasa ta haɗiye shi da gidansa.

NASIHA GA MASU RIƘO

Kafin mu rufe, tilas a yi wa baffanni da yayye masu riƙon dukiyar marayu magana, kada wani ya ɗauki wannan darasi ya mai da shi garkuwa. Ayar da ta ce a jarraba ita ce kuma ta hana waliyyi gaggawar cinye dukiyar kafin yaro ya girma, ta umurci mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani. A aya ta 10 kuma an siffanta mai cin dukiyar maraya da zalunci da mai cusa wuta a cikinsa. Saboda haka wanda ya ga rushudi ga maraya ya ci gaba da riƙe masa abinsa da sunan wai bai yi hankali ba, azzalumi ne. In an yi saɓani, alƙali ne mai rabawa. Mai riƙo ya rubuta abin da ya karɓa da abin da ya kashe, ya riƙa nuna wa yaron lissafi tun yana tasowa, ranar miƙawa kuma ya kira shaidu.

Ku kuma iyaye da kuke raye tare da 'ya'yanku, kada ku jira sai wani ya yi musu wannan jarrabawa a bayanku. A fara a wannan wata: a danƙa wa yaro ko yarinya cefanen mako guda, a ce su kawo lissafi ranar Juma'a. In sun yi daidai a ƙara, in sun yi kuskure a gyara da lallashi, domin ayar da ta hana ba safihi dukiya ita ce ta yi umurni a faɗa masa magana mai daɗi.

Allah Ya arzuta mu da halal, Ya sa mata albarka, Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba su rushudi a addininsu da dukiyarsu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.